Motar da Ban Bar wa Wutsiya Ba

Duk wanda ya zo koyon aiki a rumfata ta Gyadi-Gyadi, abu biyu yake yi a ranar farko. Yakan ce saka baƙin gilashi ai ba wani aiki ba ne, leda ce a jiƙa a manna. Sannan yakan ɗaga kai ya tambaye ni me salansa take yi a rataye a rumfar mai gilashi. Maganar farko reza ce take ba shi amsarta, kafin azahar ya ɓata leda ya yanki yatsa. Ta biyun ni zan ba ku amsarta yau tunda kun taru, amma sai kun yi haƙuri na bi da ku ta doguwar hanya, don ba a gane zancen salansar nan sai an san aikin.

Motar farko da na taɓa sa wa hannu ta wani babban soja ce, a rumfar maigidana Malam Habu, can wajen Unguwa Uku. Lokacin mulkin soja ne, baƙin gilashi ba na kowa ba ne, in ka hango mota mai duhu kaucewa kake yi, ba tsayawa kallo ba. Da na ce na sa hannu, kada ku zaci leda na taɓa. Wankin gilashi aka ba ni, kuma a kansa na daɗe har na fara tunanin maigida ya manta da ni. Sai ka yayyafa ruwa a ƙasan rumfa tukuna, don kada taku ya tayar da ƙasa. Ka fesa ruwan sabulu, ka kwantar da sabuwar reza ka kankare gilashin daga sama har ƙasa, ka bi da robar matse ruwa, ka sake. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya in ya shiga tsakanin leda da gilashi, ƙurji zai yi, kuma mai mota ba zai ga komai a motarsa ba sai ƙurjin nan. Malam Habu ba ya faɗa. Yakan zo ya shafa gilashin da bayan yatsa, ya miƙo mini rezar ya koma ya zauna.

Bayan wanki sai yanka. A waje ake auna leda, a ciki ake manna ta, wannan ko ku kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne gilashin baya, mai doron nan. Leda shimfiɗaɗɗiya ce, gilashin kuma a lanƙwashe yake, in ka matsa mata sai ta yi fiffike ta tattare. Da dirayar gashi irin ta masu gyaran kai muke lallashinta, zafi kaɗan, shafa kaɗan, har ta kwanta da kanta. In ka ƙara zafi ta ƙone, in ka rage ta ƙi. Ga kuma siraran layukan wutar da ke jikin gilashin, masu kore raɓa. Reza ba ta zuwa kusa da su, in ka yanke ɗaya ya mutu ke nan.

Ranar da Malam Habu ya bar ni na gama ƙofa guda ni kaɗai, na ja da baya ina jiran yabo. Ya durƙusa ya sa farce a kusurwar ƙasa, ƙarƙashin robar ƙofa, ya lalaba, ya ɗago ya dube ni.

"Isyaku, ina wutsiyar?"

Na ce wace wutsiya kuma, Malam?

Ya kai ni wajen ƙofar da shi ya yi, ya ɗaga robar. Ga wani ɗan harshen leda, bai wuce faɗin farce ba, an ninke shi yadda gam ba zai kama gilashi ba. Ya ce, "Duk motar da ka sa wa leda, wata rana sai an cire. Ko mai ita ya sayar, ko hukuma ta sauya ra'ayi. Ka bar wa mai cirewa abin kamawa, kada ya tsine maka kana kabari." Ya sa na ɓare ƙofar nan na sake. Tun daga ranar ban ƙara gama aiki ba tare da wutsiya ba, sai mota ɗaya tak, kuma ita ce mai wannan salansar.

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula, ita ce shekarar da Malam Habu ya yaye ni na buɗe nan. Ban taɓa ganin kasuwa irin ta lokacin ba. Kansila yana son baƙin gilashi, ciyaman yana so, yaron ciyaman yana so, wanda ya liƙa fostar ciyaman ma yana so. Mutum zai ci zaɓe ranar Asabar da alkawarin ƙofarsa a buɗe take, ran Litinin ya zo a rufe masa gilashi. Motoci 'yan Kwatano suna ta shigowa. Nan da nan kowa mai reza ya zama mai gilashi, suna sayo leda mai araha wadda rana take mayar da ita shunayya, in ta ƙi kamawa su ƙara mata gam na takalmi. Ni ban sauko daga ledata ba, ban kuma daina barin wutsiya ba, ko da yake a lokacin ba wanda ya san tana nan.

Amma 'yan siyasa ba su ne masu son mota ba, duhun kawai suke so. Masu son mota na gaskiya samarin Tarauni ne da suke taruwa a wani fili bayan la'asar ranar Lahadi, kowa ya buɗe bonet, a yi ta musu a kan inji har magariba. Su ne kwastomomin da suka fi kowa wahalar da ni, su ne kuma suka fi kowa sanin aiki mai kyau. Mutum zai kwanta a ƙasa ya leƙa gefen gilashi yana neman kumfa.

Sabitu shi ne jagabansu. Yana da shagon kayan wuta a Tarauni, amma in ka ce shagon ne sana'arsa ka yi masa ƙarya, motar ce. Ja ce, 'yar Kwatano. Ya rage mata tsayi har tana shafar tudun kan titi, ya sa mata wili mai ƙyalli, ya cika but da sifika. Sannan ya je wajen wani mai walda ya zauna a kansa har aka ƙera masa salansa mai faɗin baki, wadda in ya taka tun yana Babban Giji muke sanin ya taso. Abokansa suka sa wa motar suna Tsawa. Da ya kawo ta wajena ya ce mafi duhu yake so, wanda ko da rana sai an sauke gilashi za a yi ribas. Na yi masa, na bar wutsiya a kowace ƙofa.

Akwai shingen 'yan sanda a bakin titi, nesa kaɗan da rumfar nan, kuma akwai wani saje dogo mai sanyin magana da ya daɗe a wurin. Ba ranar da Tsawa za ta wuce bai ɗaga mata hannu ba. To wa zai ji wannan ƙara ya ƙyale? A faka, a sauke gilashi, a buɗe but, a duba takardu, a yi raha. Sabitu daɗin abin yake ji, don in an tsayar da shi jama'a suna taruwa kallon mota.

Ana nan ya yi aure, Allah Ya ba shi 'ya mace, Hafsa, ta zo zabiya. Kun san fatar zabiya da rana ba sa shiri. Abin da mu za mu tsaya a ciki mu yi ciniki mu tafi, ita minti kaɗan ya isa fatarta ta yi ja, in an ƙara ta tashi ta sale. Daga nan baƙin gilashin Sabitu ya tashi daga ado ya zama magani. Da ta isa shiga makaranta shi yake kai ta ya ɗauko ta, tana zaune a baya cikin duhunta, kuma tashin makaranta da tsakar rana ne.

Sai mummunar shekarar ta zo. 'Yan fashi suka riƙa amfani da motoci masu duhu, hukuma ta ce a cire baƙin gilashi kowa da kowa. Ban ga laifinsu ba, ko ni da na rayu da abin. A shinge ba dogon zance, reza za a miƙo maka, ka cire a nan ko a wuce da motar ofis. Na tsaya wata rana na kalli wani bawan Allah da 'yan gam ɗin takalmi suka yi wa aiki. Tun hantsi yake kankara, ledar tana fitowa ƙwaya-ƙwaya, babbar rigarsa ta jiƙe, yatsunsa sun yi jini, layukan wutar gilashin baya duk ya yanke su. A gefensa aka tsayar da wani kwastomana. Na ce masa ya ɗaga roba ya ja abin da ya samu. Ya ja, ledar ta taso ɗungurungum kamar ɓawon ayaba, gilashi fes. Sajen nan yana kallo. Daga ranar in ya tare mota sai ya sa babban yatsa a kusurwa ya lalaba, in ya ji ta ya ce, "Aikin Isyaku ne. Ja wutsiya ka wuce."

Suna dai na yi a shekarar, amma suna ba ya shiga tukunya. Ba mai sakawa, sai masu cirewa. Naɗin ledar da na tara ya zauna har zafi ya lalata shi. Na koma kankare gam ɗin wasu da kananzir da ruwan sabulu, aikin da a da ko kallonsa ba na yi. Yawancin waɗanda suka buɗe rumfa tare da ni suka rufe, wasu suka hau acaɓa. Ni na zauna, don na san gilashi yana nan, rana ma tana nan.

A wannan shingen aka sa Sabitu ya ja wutsiyoyinsa, Hafsa tana zaune a baya. An ce akwai takardar izini ga mai larura, ya nema, aka ce ya jira, ya yi ta jira. Ya rataya tawul a taga, aka ce labule ma duhu ne, ya cire. Bayan ɗan lokaci ya zo rumfar nan da ita. Ba ta wuce aji biyu ba a lokacin, tana sanye da malafa da tabarau. Ya janye hannun rigarta ya nuna mini. Gefen da ke bin taga, daga wuya har dantse, ya sale ya yi ɓawo. Na ga ɓarnar reza iri-iri a hannun mutane, amma wannan sai da na kau da kai.

Ya ce, "Malam Isyaku, mahaifiyarta ta ce ba za ta ƙara zuwa makaranta ba sai an san abin yi. Likita ma ya goyi bayanta. Ka mayar mini da baƙin, na riƙa bin lungu."

Na ce, "Lungun da Tsawa za ta bi ba a ji ta ba, a wane gari yake? Gobe za a sa ka ja wutsiya, jibi ka dawo."

Yarinyar tana wasa da robar matse ruwa, sai ta ɗago ta ce, "Baba, yaushe za ka mayar mini da inuwata? An kusa jarrabawa."

Na ce mata ta ba ni lokaci kaɗan. Na faɗa ne da ƙarfin gwiwa, don akwai abin da na taɓa ji. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ya taɓa ba ni labarin wata farar leda da ake sa wa gilashin manyan kantuna don kada rana ta kashe launin kaya. Ba ta da duhu ko kaɗan, amma wai tana tare abin da ke ƙona fata. Na je na same shi, ya ba ni ɗan yanki. Ban yarda da bakinsa ba, mai sayarwa bai taɓa cewa kayansa ba kyau ba. Na yanki jar atamfa gida biyu, na sa ɗaya a ƙarƙashin gilashin ƙofa tsirara, ɗaya a ƙarƙashin wanda na manna wa ledar, na ɗora a kan rufin rumfar nan na bar wa rana. Hafsa tana gida duk tsawon lokacin, Sabitu yana zuwa kullum yana kallon rufi. Da na sauko da ƙyallayen, ɗaya ya koɗe, ɗayan yana nan da jansa. Sabitu ya kai wa likitan ƙyallayen da guntun ledar, likita ya ce a yi, amma malafa da tabarau da rufe jiki suna nan daram. Ragowar da ɗan kasuwar nan yake da ita bai fi na mota ɗaya ba, na karɓe.

Kafin na fara na zaunar da Sabitu a kan bencin da kuke kai. Na ce, "Ledar nan tana aiki ne in gilashi yana rufe. Wa yake sa ana sauke gilashinka?"

Ya ce 'yan sanda.

Na ce, "Wa yake kiran 'yan sanda?"

Ya gane, ba ya so ya gane ne.

Na ce, "Duk tsayawa ɗaya, a faka a rana, a sauke gilashi, a buɗe but, a yi raha, tana zaune a baya. Motoci nawa suke wucewa ba a ko dube su ba? Ni zan yi nawa. Amma in Tsawa za ta ci gaba da tsawa, asarar leda za mu yi."

Ya tashi ya shiga mota ya taka ta da ƙarfi har kwanon rumfa ya amsa. Na ce a raina shi ke nan, na yi asarar kwastoma. Na ji labarin abokansa na filin Lahadi sun ce in ya cire salansar nan motar ta zama ta hedimasta. Bayan kwana kaɗan ina sunkuye ina kankarar gam, sai na ji sallama a kaina. Na ɗago, ga jar mota a ƙofar rumfa, ban ji zuwanta ba. Ya buɗe but, ba sifika ko ɗaya, sai wani abu a naɗe cikin buhu. Ya miƙo mini, ashe salansar ce.

"Ajiye mini har ta gama firamare. In tana gidana zan mayar."

Aikin motar nan shi ne mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, ba na kunyar faɗa. Ban saka a jikin mota ba. Na kwance kwalin ƙofofi, na zare gilasan gaba ɗaya, na shimfiɗa su a kan tebur. Baƙar leda tana ɓoye ƙaramin kuskure, fara ba ta ɓoye komai. Na wanke na sake wankewa yadda Malam Habu zai shafa bai miƙo reza ba. Na kai ledar baki da baki, na bi gefen da ƙaramar zarto mai laushi har ba ka jin inda leda ta ƙare gilashi ya fara. Da na zo kusurwar ƙasa hannuna da kansa ya fara ninke wutsiya. Na tsayar da shi, na yanke ta. Na san yatsan saje ya saba, in ya ji wutsiya bakinsa zai ce a ja kafin ya yi tunani, kuma in an ja babu wata ledar a Kano.

Ranar da Hafsa ta koma makaranta na ce da ni za a je ɗauko ta. Aikina ne, in za a yi magana a kansa ina wurin. Muka taho da tsakar rana, ina gaba, tana baya. Muna isowa shinge saje ya ɗaga hannu. Ko ba ƙara ya san motar.

Ya leƙo ta wajen Sabitu ya ce, "Yau Tsawa mura take yi ne?" Sai ya gan ni. Fara'arsa ta ragu. Ya zagaya ya buɗe ƙofata, ya sa yatsa a kusurwa ya lalaba, bai ji komai ba. Ya ce, "Isyaku, ganinka a motar nan ba banza ba. Akwai leda?"

Sabitu ya dube ni. Da na ce babu, da mun wuce, don ido ba zai nuna masa ba. Amma mutumin nan kullum za su bi ta gabansa, kuma shekara guda yana yarda da aikina ba tare da ya tambaye ni ba. Na ce, "Akwai, Yallaɓai. Fara ce, ta tare ƙunar rana. Saboda yarinyar."

"Ina wutsiyar?"

"Wannan ban bar mata ba."

Wani kurtu da ya ji an ce leda ya matso da reza a hannu. Saje bai karɓa ba, bai kuma kore shi ba. Ya rufe ƙofata, ya ja da baya ya kalli motar daga nesa, ya matso ya tsaya daidai tagar baya. Hafsa ta saba, tun tana goye ta san in ɗan sanda ya tsaya a taga sauke gilashi ake yi. Ta ajiye jakarta ta kai hannu za ta murɗa. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin ya girgiza mata kai.

"Bar shi a rufe, 'yata. Ina ganinki."

Ya juya ya ce wa kurtun ya janye shinge. Har aka ɗauke sajen daga wurin bai ƙara ɗaga wa jar motar hannu ba, sai dai na gaisuwa. Hafsa ta yi jarrabawarta a wannan zangon.

Kasuwa ta dawo daga baya, ta sake faɗuwa, ta sake dawowa, haka sana'ar take, shi ya sa har gobe duk wanda ya gama ƙofa a rumfar nan sai na lalaba kusurwa. Hafsa ta gama firamare, ta shiga sakandare. Wata rana Sabitu ya zo a duba masa gefen ledar, na nuna masa sama na ce alkawari ya cika, ga amanarsa, har na sa an goge ta. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonta, na ga yana murmushi irin na wanda ya haɗu da tsohon aboki.

Sai ya ce, "Malam Isyaku, ka san wani abu? Ashe yarinyar nan tun daga ƙofar gida har ƙofar makaranta magana take yi mini. Wa ya ci duka, wa ya zo na ɗaya, me malama ta ce. Shekara biyu ina kai ta ban sani ba, inji nake saurare. Bar salansar a nan kawai."